Hoton Kyaftin Munir

Mayo, Khartum
Ramadan, Afrilu 2023

Ɗan'uwana Ladan,

Assalamu alaikum. Ina fata kai da Inna da sauran mutanen Zariya kuna shan ruwa lafiya. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafi. Ƙafar Hajja ta yi sauƙi, har tana dogara sanda ta je tarawihi. Yaya Suhaila na nan da teburin shayinta, ta ce in gaishe ka.

Ka ga wasiƙa ta gaske, da gaisuwa da komai. Hajja ce ta sa. Ta ce tun da Allah ya haɗa ta da Innarka a Makka, suka gano kakanka ƙanen kakana ne, wanda ya taho hajji a ƙafa daga wajenku ya tsaya tsinkar auduga a Jazira nan Sudan, ba ta ga zumuncin da ni da kai muka yi ba, sai toshe kunne a wasan kwamfuta da ihun "yana bayanka". Ta ce in rubuta da Hausa, in karanta mata, sannan in tura maka ta waya. Kai ka koya mini rubutun, saboda haka duk kuskuren da ka gani laifin malamin ne.

Tunda tana saurare, na yi mata bayanin abin da ke tsare ni a bayan shagon gyaran waya a Umdurman. Na ce kwamfuta ce da allo uku da sandar tuƙi, mutum ya zauna ya tuƙa jirgin yaƙi kamar gaske, har man jirgin sai ka lissafa. Na ce mu ƙungiya ce, sunanmu Shamuwa, akwai na Brazil da na Turkiyya da na ko'ina, shugabanmu kuma Marek, tsohon direban jirgin ƙasa a Poland, wanda ni da kai muke kira Tsoho. Ta ce, "Jirgin da ba ya kai mutum Makka, shi ma jirgi ne?"

Sannan na gaya mata na gama jarrabawar zama jagora. Na tashi da jirage huɗu, na kai su, na dawo da su duka, ko da yake wani mai ɗaukar hoton biki daga Zariya ya so ya ɓata mini da saukarsa ta tsallen kwaɗo. Shekara huɗu kana tashi a gefen fiffikena, har yanzu ba ka san inda birki yake ba. Yanzu saura dattawan ƙungiya su zauna su yanke. In na ci, ni kyaftin ne, kuma za a yi mini hoton da ake yi wa kowane jagora, da kayan matuƙi da suna da tutar ƙasa a kafaɗa. Tunda kai ne mai haɗa wa ƙungiya hotunan, ina roƙonka kada ka yi mini kai kamar kabewa irin na mutumin Brazil.

Motocin sojoji sun yi yawa kwanan nan wajen kubri, gadar da nake bi zuwa shago, amma mun saba. Sai mun haɗu a sama ranar Asabar.

Jagoranka in Allah ya so,
Munir

*

Zariya
Mayu 2023

Munir,

Bayan gaisuwa da fatan wannan ta same ku da rai da lafiya. Mu lafiya lau, in ban da Inna da ta daina barci sosai tun da aka fara nuna Khartum a talabijin.

Ranar Asabar ɗin nan na zauna a filin jirgi na wasanmu, inji na aiki, ina jiranka. Har na fara shirya zolayar da zan yi maka. Sai ɗan Turkiyya ya ce in buɗe labarai. Abin da na gani jirgi ne na gaske yana bi ta kan gidaje, irin wanda ka fi so a wasan, kuma a ƙasa garinku ne.

Saƙonka na baki guda ɗaya na samu, wanda ka ce kuna nan ƙalau. Na saurare shi ya fi a ƙirga, kuma ƙarar da ke bayan muryarka ba ta masu ƙalau ba ce. Don Allah ku fita. Mutane suna tafiya Madani, wasu Gadarif. Inna ta ce in gaya wa Hajja gidanmu gidanta ne, ko ta Chadi ne ku biyo, ai hanyar kakanku ce.

'Yan ƙungiya kullum sai sun tambaye ni kai. Tsoho ya ce ba za a ba kowa gurbinka ba, ni kuma in ci gaba da tashi a inda na saba. Saboda haka in mun jeru, akwai fili a hagu da ni, ina ta duba shi ina gyara tazara kamar kana nan.

Ka rubuto ko layi biyu ne.

Ladan

*

Mayo
Agusta 2023

Ɗan'uwa,

Salamu alaikum. Muna da rai. Hajja lafiya, sai dai maganin ƙafarta ya ƙare. Ka gaida Inna, ka ce mun gode. Ka yafe jinkiri, wuta ba ta zuwa, shabaka kuma, wato sabis ɗin waya, sai an hau rufi a yi ta ɗaga hannu.

Maganar fita na yi ta har na gaji. Hajja ta ce, "Kakanku ya yi mana tafiyar da za ta ishe mu. Ni daga Mayo sai maƙabarta." Ba zan ɗauke ta kamar buhu ba, kuma ba zan bar ta ba.

Shago ya tafi. Tun ranar farko ba a ƙetare kubri, Umdurman ta koma mana wata ƙasa. Wani da ya zago ya ce an fasa layinmu gaba ɗaya. Da kwamfutar, da allon, da sandar da na haɗa da hannuna daga giyar raksha, wato adaidaita sahu, duk ka yi musu addu'a. Yanzu ni da Yaya Suhaila muna aiki a takiyya, inda ake dafa wa unguwa abinci a tukunya ɗaya. Ita tana tuƙi, ni ina ɗebo ruwa da itace.

Ladan, akwai abin da nake so in gaya maka, kai kaɗai za ka gane. Ina sanin jirgi tun kafin a gan shi. Ƙarar daidai take da ta wasan, waɗanda suka yi shi ba su yi ƙarya ba. In ya sauke hanci ina ji a cikina, don ni ma na sha yi. Amma a wasa in ka saki bam sai ka ga ɗan hayaƙi, rubutu ya fito a gefen allo cewa an samu, mu yi wa juna barka. Ba wanda ya gaya mana ƙura tana daɗewa kafin ta kwanta, kuma a cikinta mutane suna kiran sunayen 'ya'yansu. Maƙwabcinmu Ibrahimu mai raksha, wanda yake kai ni bakin mota kullum, ya je kasuwa sayen albasa. Da takalminsa muka gane shi.

Ranar na ce ko an dawo mini da kayana ba zan ƙara taɓawa ba. Na faɗa da gaske. Amma shekaranjiya Yaya ta kama ni riƙe da muciya ina karkata ta hagu da dama kamar sandar tuƙi. Ina kewar sama, ina kewar muryoyinku, kuma ina jin kunyar hakan.

Tunda na fara rashin kunya bari in ƙarasa. Dattawa sun yanke maganar jarrabawata kuwa?

Naka,
Munir

*

Zariya
Fabrairu 2024

Kyaftin Munir,

Ka sake karanta layin sama, ban yi kuskure ba.

Da farko gaisuwa. Inna lafiya, tana gaida Hajja da Yaya Suhaila. An ce an yanke muku sabis gaba ɗaya, shi ya sa saƙonnina suke tsaye ba sa shiga. Zan tura wannan ta zauna a bakin ƙofa, duk ranar da aka buɗe ita za ta fara gaishe ka.

Tambayarka ta ƙarshe ba ta bar ni ba. Mutum yana cikin wannan hali amma yana tuna jarrabawa, na ce to abin da zai ɗan sanyaya masa rai ke nan. Dattawa sun so su jira ka dawo a yi bikin da kai. Na matsa wa Tsoho, suka zauna, kuma babu wanda ya ce a'a. Ɗan Brazil ya ce ya yafe maka maganar kabewa.

Ga hoton a ƙasa. Ban taɓa zama a kan wani aiki kamar wannan ba, har hotunan bikin mutane na ajiye gefe suna ta kira. Fuskar na ciro daga hoton da ka turo mini kana tsaye a ƙofar shago. Na daidaita hasken da na jirgin da ke bayanka, na sa inuwar hular a inda ya kamata, na ɗinka sunanka a ƙirji da Larabci don Hajja ta iya karantawa, ga tutar Sudan a kafaɗa. A ƙasa na rubuta yawan tashin da ka yi da wuraren da ka samu da bam, kamar yadda ake yi wa kowa. Na nuna wa Inna, ta ce, "Ashe yaron nan soja ne ba ku gaya mini ba?" Ka ga ke nan malaminka ya iya.

Abin da ka faɗa game da ƙura na karanta wa 'yan ƙungiya. Tun ranar ba mu ƙara ɗaukar aikin kai hari a gari ba, sai tashi kan teku da sahara. Fili na nan a hagu da ni.

Mai tashi a gefenka,
Ladan

*

Mayo
An fara ta a Fabrairu

Ladan,

Salamu alaikum, muna lafiya. Ina rubuta wannan a waya ba tare da na san ranar da za ta fita ba. Ƙasar duka babu shabaka. An ce wani ya kawo faranti mai kamo intanet daga sama a bayan kasuwa, zan gwada zuwa.

Ka saurare ni da kyau. Masu riƙe da unguwar nan sun cika hanya da shinge, kuma waya suke fara karɓa. Jirage sun kashe musu mutane da yawa, babu wanda suke nema kamar matuƙi ko wanda yake nuna wa jirgi wuri. Wani malamin makaranta an tafi da shi saboda taswira kawai. Na zauna na goge komai, hotunan shekara huɗu, da taswirorin filayen jirgi, da bidiyon ranar da muka fara sauka tare. Don Allah kada ka turo mini komai da ya shafi jirgi, ko da wasa. Ka gaya wa Tsoho ya cire ni daga zauren ƙungiya har abin ya lafa.

Ƙari, Maris. Ga ni a wajen mai farantin, ni da Yaya. Ina kunna waya, wasiƙarka ta shigo kafin tawa ta fita. Na gani. Wallahi Ladan ka iya, ni kaina na tsaya ina kallon mutumin. Yaya ta ce in goge yanzu. Zan goge, amma gida kusa ne, kuma da muka taho babu shinge a hanyarmu. Bari Hajja ta gani sau ɗaya, ta san ba a banza nake zama a bayan shago ba. Ka yi wa dattawa godiya. Sai dai daga yau kada ka ƙara.

Kyaftin ɗinka,
Munir

*

Zariya
Maris 2024

Munir,

Na karanta. Don girman Allah ka goge shi. Zan buga shi a takarda mai kyau, in sa a gilashi, ranar da aka yi lafiya in kawo wa Hajja da hannuna. Ban sani ba, wallahi ban sani ba.

Na kira ba ta shiga. Ka turo ko harafi ɗaya ne in san kun isa gida.

Ladan

*

Mayo
Mayu 2024

Ladan,

Salamu alaikum. Ni ce Suhaila, yayar Munir. Na samo lambarka a wajen Hajja. Ka yi haƙuri da rubutuna, Hausar baki na sani, haruffan nan wajen Munir na tsinta. Hajja na kwance amma tana cin abinci. Ka gaida Inna.

Munir ba ya gida tun ranar da ya rubuta maka. Da muka baro mai farantin, mun tarar an kafa sabon shinge a kwanar masallaci, daga nan ana hango rufin gidanmu. Ya sa hannu a aljihu zai goge, ɗaya daga cikin masu shingen ya gani, ya ce kawo. Bai ma yi bincike ba, hoton ne a buɗe.

Ya ce, "Wannan wa?"

Munir ya ce, "Ni ne, amma wasa ne na kwamfuta. Ɗan'uwana ne ya haɗa a Nijeriya."

"Wasa da tuta a kafaɗa? Ya jama'a, ku zo ku ga ɗayyar." Wato matuƙin jirgi.

Suka taru. Wani ya karanta rubutun ƙasa da ƙarfi, yawan tashi da yawan wuraren da aka samu. Da aka gama karantawa, wani a cikinsu ya ce ƙanensa jirgi ne ya kashe shi. Na ce ku tambayi duk unguwa, mai gyaran waya ne, shi ke ɗebo ruwan takiyyar da ku ma kuke ci. Na cire mayafina na jefa a gabansu ina roƙo. Suka sa shi a bayan mota. Abin da ya ce mini kawai, "Ki ce wa Hajja na tsaya gyaran waya."

Haka na gaya mata, ta kalle ni, ta ce, "Wayar wa, a garin da babu wuta?"

Na je duk gidan da aka ce suna tsare mutane. Wani wajen a ce babu shi, wani wajen a kore ni. Ba zan ɓoye maka ba, na yi fushi da kai, har na ce ba zan rubuta ba. Ku kuna can cikin fanka kuna raba muƙami. Amma shi ma na yi fushi da shi, ni kuma ina tsaye kusa da shi ban fizge wayar ba. In akwai abin da zai nuna musu wasa ne, ka turo wa wannan lambar, ta maƙwabciya ce, tana gogewa in na gani.

Suhaila

*

Zariya
Yuni 2024

Yaya Suhaila,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajja lafiya. Fushinki daidai ne, ban da abin cewa. Ni na matsa a ba shi, ni na zauna na gyara inuwa don kada a gane haɗi ne. Tun da na karanta wasiƙarki ban iya buɗe wannan aikin a shago ba, masu biki ma na mayar musu da kuɗinsu.

Ga abubuwa biyu. Na farko bidiyo ne da ke nuna yadda na haɗa hoton, ana cire hular, a cire rigar, a cire jirgin, har ya rage Munir a ƙofar shago da sukuddireba a aljihu. Na biyu 'yan ƙungiya ne, kowa a ɗakinsa. Za ki ga Tsoho da robar numfashi a hanci, da likitan haƙori na Brazil jikarsa na hawa masa wuya, kowa ya ɗaga sandar wasansa da nasa hoton na kyaftin, ya ce Munir ɗan'uwanmu ne, bai taɓa shiga jirgi ba. Wani ɗan Masar a cikinmu ya sa Larabci a ƙasa.

Akwai wata al'ada tamu da nake so ki sani. In ɗan ƙungiya ya rasu, mukan tashi gaba ɗaya mu jeru, a bar gurbinsa fili, mu wuce a hankali babu mai magana. Wasu sun fara cewa a yi wa Munir, wai don girmamawa. Na ce duk wanda ya ƙara faɗa na bar ƙungiyar. Ba a yi wa mai rai, kuma jagorana bai sauka ba tukuna.

Ƙanenki,
Ladan

*

Umdurman
Afrilu 2025

Ladan,

Salamu alaikum. Na san ka yi ta turo saƙo, maƙwabciyar ta gudu da wayarta tun bara. Yanzu muna Umdurman, gidan Nana Aisha ƙanwar Hajja. Da aka buɗe hanya muka ƙetaro. Gidanmu na Mayo an kwashe shi har ƙofofi lokacin da muka gudu muka fake a wata makaranta.

Bidiyonka na kai wurare biyu. A na farko suka yi dariya, suka sake kallon mai jika. A na biyu babbansu ya ce, "To ga turawan da suka koya masa." Daga nan na ji tsoro na daina nunawa. Ba laifinku ba ne, kun yi abin da kuka iya.

Da aka fasa gidajen da ake tsare mutane, na bi asibiti da masallatai ina duba fuskokin waɗanda suka fito. Makon jiya wani mutum ya zo har gida, ƙashi da fata, ya ce ɗaki ɗaya suka zauna da Munir. Ya ce kowa ɗayyar yake kiransa, har masu gadin. In jirgi ya taso shi ke gaya musu wannan wucewa zai yi, ku kwantar da hankali, wannan kuma ku kwanta ƙasa. In dare ya yi musu tsawo yakan ɗaga tafin hannu biyu ya nuna musu yadda jirage biyu suke juyawa tare, ya ce na daman nan ɗan'uwana ne, bai iya sauka ba. Gudawa ce ta kama shi da damina, bai tashi ba. Mutumin yana cikin waɗanda suka yi masa salla, amma bai san inda aka kai shi ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajja ta ƙi yarda a yi shimfiɗar makoki duk wannan lokaci, yanzu ta ce a yi. Mun shimfiɗa tabarmi, mun dafa shayi. Ladan, babu kowa. Mutanen Mayo sun watse, wasu Gadarif, wasu Masar, wasu ƙarƙashin ƙasa. Tsofaffi biyu ne suka shigo daga masallaci, su ma ba su san shi ba. Hajja tana ta kallon ƙofa.

Abin nan da ka ce kuna yi, ku yi masa.

Suhaila

*

Zariya
Afrilu 2025

Yaya Suhaila,

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri. Inna ta yi sadaka, an yi addu'a a masallacin unguwarmu. Ta so ta yi magana da Hajja, kuka ya hana ta.

Mun tashi ranar Asabar. Ba 'yan Shamuwa kaɗai ba, har ƙungiyoyin da muka saba faɗa da su sun zo, don duk sun san muryarsa. Tsoho daga gadon asibiti ya ja mu, ɗansa ya kai masa kayan. Babu wanda ya ɗauki makami. Ga bidiyon. In zai tayar wa Hajja da hankali kada ki nuna mata.

Da aka gama kowa ya sauka, ni na yi ta zagaya fili har mai ya kusa ƙarewa. Tsoho ya ce, "Ladan, sauko, ya isa." Na sauka lafiya, babu tsalle ko ɗaya, kuma babu mai zolayata.

Ban roƙi gafarar Hajja ba don ban san da wane baki zan roƙa ba.

Ladan

*

Umdurman
Mayu 2025

Ƙanena Ladan,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Hajja ta fara fita tsakar gida. Na samu wuri kusa da tashar mota, na kafa teburin shayi.

Na nuna mata. Da ƙarar ta fara sai ta ce in kashe muryar. Muka kalla a shiru, ni da ita da Nana Aisha. Ta ce, "Waɗannan duka su wane ne?" Na ce mutanen Munir ne, sun zo gaisuwa. Ta ce, "Daga ina?" Na ce daga ko'ina, Hajja. Ta sa yatsa a kan filin da kuka bari, ta ce nan ne wurinsa? Na ce nan ne. Ta ce, "Na kusa da shi fa?" Na ce Ladan ne.

Ka san a nan in mutum ya zo ta'aziyya yakan ɗaga tafin hannu ya ce al-Fatiha, mai makoki ma ya ɗaga nasa ya karɓa. Hajja ta ce in jingina wayar da butar shayi. Ta gyara mayafi, ta ɗaga hannu biyu, ba ta sauke ba har jirgin ƙarshe ya wuce. Sannan ta ce a zuba shayi, baƙi sun zo.

Na gaya mata maganarka ta gafara. Ta ce, "Yaron da ya yi wa ɗana ado, me zan yafe masa?" Ni kam ban kai nan ba tukuna, amma ina hanya.

Ga abin da ya sa na rubuta. Hotunanmu na bango sun tafi da gidan, nawa na waya sun tafi da wayar, na shago ka san labarinsa. Ba mu da hoton Munir ko ɗaya. Na ce mata kana da na ƙofar shago, mai sukuddireba. Ta ce wannan ta san shi, ita ta haife shi. Wanda ya taho nuna mata take so, mai hular da sunan a ƙirji, don har yau ba ta gani ba.

Ka turo shi, Ladan. Yanzu babu shinge tsakanin nan da gida.

Yayarka,
Suhaila